Shagon tsofaffin kuɗi a Balad da labarin ɓallewar Katanga

A cikin tsohon garin Jidda, a unguwar Balad, akwai wani ɗan shago da ake sayar da tsofaffin kuɗi da kan sarki, kuma mai shi wani dattijo ne Bahaushe wanda aka haifa a Makka. Na shiga ne bayan sallar La'asar da niyyar sayen tsohon sulen Najeriya, sai idona ya kai kan wata durowa mai murfin gilashi da ya keɓe wa Katanga, lardin ƙasar Kwango da ya taɓa ɓallewa.

Abin da ya sa nake yaba shagon shi ne yadda dattijon ya jera kayan bisa tafiyar tarihi. A farkon layi akwai kan sarkin Kwango na zamanin mulkin Beljiyam, waɗanda aka buga sunan Katanga a kansu bayan Moise Tshombe, shugaban Katanga, ya ayyana ɓallewar lardin ranar 11 ga Yuli 1960, kwana goma sha ɗaya kacal da samun 'yancin ƙasar. Daga nan sai tsabar faranka ɗaya da ta biyar na shekarar 1961. Ya ɗora mini ɗaya a tafin hannu, ya ce, "Juya ta, ɗana." Gefe ɗaya hoton ayaba ne, ɗaya gefen kuma gicciyen tagulla irin wanda mutanen yankin suke ciniki da shi tun kafin zuwan Turawa. Tagullar nan ita ce tushen rikicin, domin arzikin ma'adinan lardin, wanda kamfanin Union Minière yake haƙa, shi ya riƙe gwamnatin Tshombe.

Na ce, "Baba, ashe har kuɗinsu suka buga?" Ya amsa da cewa sun buga, amma babu ƙasa ko ɗaya da ta amince da su a hukumance, har da Beljiyam ɗin da take mara musu baya. Sannan ya bi da ni cikin zaman sulhun ɗaya bayan ɗaya: mutuwar Dag Hammarskjöld, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, a haɗarin jirgi kusa da garin Ndola, a Zambiya ta yau, a Satumba 1961 yana kan hanyar ganawa da Tshombe; yarjejeniyar Kitona tsakanin Tshombe da firaministan Kwango Cyrille Adoula a Disamba, wadda ba ta yi aiki ba; da shirin haɗe ƙasar da U Thant, magajin Hammarskjöld, ya gabatar a Agusta 1962. A ƙarshe sojojin Majalisar ne suka kawo ƙarshen ɓallewar a Janairu 1963. Bai manta ya faɗi cewa sojojin Najeriya da na Sudan sun yi aiki a rundunar Majalisar a Kwango ba.

Inda na ga gazawa shi ne batun Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko. An kashe shi a cikin Katanga ranar 17 ga Janairu 1961, amma babu komai nasa a durowar, kuma dattijon bai ambace shi ba sai da na tambaya. Wannan giɓi ya dame ni ƙwarai. Haka kuma babu rubutaccen bayani a jikin kayan, ko da Larabci ko da Hausa, saboda haka duk wanda ya zo mai shagon ba ya nan ba zai fahimci abin da yake kallo ba.

Farashin yana da ɗan tsada, amma ana yin ragi idan an taya. Na sayi tsabar faranka biyar guda ɗaya, ya naɗe mini ita a takarda, ya rubuta shekararta a bayan takardar da hannunsa.