Chromebook ashirin ko ta hannu goma: amsa ga Hajiya mai lekol

Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara buɗi. Kin tambaya wanne za ki saya wa lekol ɗinki. Tsakanin Chromebook ashirin ɗin da aka yi miki tayi da kwamfutoci goma na hannu, wato waɗanda aka taɓa aiki da su, masu Windows a kuɗi ɗaya, ki ɗauki goman, kada yawa ya ruɗe ki. Tambayarki kan wadda za ki saya wa yaran gida ma amsar kusan ɗaya ce, sai dai akwai wata ƴar ƙofa da zan bari a buɗe can ƙasa.

Ita Chromebook ba jabu ba ce, kwamfuta ce da kusan duk aikinta ta burauza yake, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Tsarin na Google ne, na farkonsu sun shiga kasuwa a 2011 daga kamfanonin Samsung da Acer, kuma makarantun Amurka sun kwashe su da yawa, musamman a 2020 da korona ta zaunar da yara gida. Abin tambaya shi ne don wa aka ƙera ta. An ƙera ta ne don yaron da ke da wifi a aji, wifi a gida, makarantarsa kuma na da ma'aikaci guda wanda ba shi da wani aiki sai kula da asusun ɗalibai. Arahar tata daga rage mata ciki ta fito: yawancin waɗanda ke isowa nan ma'ajiyarsu giga 16 ce ko 32, RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, giga 4, don an riga an ɗauka takardu da hotuna ba cikinta za su zauna ba, suna can wurin Google ta intanet. Kamar magidanci ne da ya ƙi gina rumbu ya kai geronsa ajiya Tasawa. Muddin hanya na da kyau kuma akwai kuɗin mota, gidansa ba ya kwana da yunwa. Hanyar nan ita ce rezo, kuɗin motar kuma forfe, kuma ke za ki riƙa biya kowane wata har ranar da na'urar ta mutu.

Ki lissafa da kanki. Ranar farko ba za a shiga cikinta da asusu ba sai da intanet. Tsarin nata yana sabunta kansa kusan kowane mako huɗu, sau ashirin kenan a wajenki. Gaskiya ne ana iya rubutu a Google Docs ba rezo, amma sai an kunna wannan damar tun da wuri, asusu bayan asusu, kuma yaron da ya zauna kan wata na'ura daban gobe sai an sake samun intanet kafin ya shiga. Asusun ma wani aiki ne: yaran firamare ba su kai shekarun buɗe nasu kai tsaye ba, sai ta hannun iyaye ko ta asusun makaranta. Na makarantar Google na bayarwa kyauta ga wadda ta cika sharuɗɗa, amma sai kina da adireshin intanet na lekol ɗin, sai an tantance ku, sannan lasisin da zai ba ki ikon sarrafa na'urorin daga wuri guda kuɗi ne kan kowace ɗaya. Wa zai riƙe miki wannan? Malamin lissafi da ke da aji uku?

Cikin garin Maraɗi, unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ana samun 4G, ba musu. Wanda ke da makaranta a ƙauyukan Dakoro ko Mayayi ya san zancen daban ne. Wani zai ce ai Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, ya shigo Nijar a 2025. Ya shigo. Shi ma kuɗin wata gare shi, kuma kuran yake ci, to ina arahar ta tafi?

Tawa Lenovo ThinkPad T480 ce, ƙirar 2018, ta hannu na saye ta, murfinta duk ya goge. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da Najeriya ta yanke mana wutar da ke zuwa ta layin Katsina, kowa ya tuna yadda aka sha, har sai Maris 2024 aka maido. Cikin wannan duhun ƙarshen zangon farko ya same mu, ga makin ɗalibai jibge, ga iyaye na jiran takardun sakamako. A tsakar gida na zauna kan tabarma, ba kuran, wayata ma ba forfe, na buɗe Excel na zuba maki aji bayan aji. Wannan ƙirar batir biyu gare ta, ɗaya ciki ɗaya waje, na wajen ya ƙare na zare na sa wani ba tare da ta mutu ba. Abokan aiki biyu suka zo da nasu makin a takarda, muka gama a kanta, da safe na kai kile ɗin USB wurin mai buga takardu. Ba ta tambaye ni intanet ko sau ɗaya ba. Ta taɓa zamewa daga jaka ina kan kabu-kabu, kusurwa ce kawai ta ɗan fashe. Da madannanta suka fara gajiya, wani yaro mai gyara kusa da babbar kasuwa ya canza mini su ina tsaye, ya ƙara mata RAM a zama ɗaya. Wannan ita ce falalar irin waɗannan: don ofisoshi aka ƙera su, an yi su da yawa, kayan gyaransu suna nan ko a aiko daga Kano, kuma ana kwance su da sukurdireba. Dell Latitude 5490 da HP EliteBook 840 G5 duk sa'o'inta ne. A Chromebook mai araha RAM da ma'ajiya galibi a manne suke da allon ciki, yadda ta zo haka za ta mutu.

Hakkinta dai a ba ta: batirinta na jimawa, tana tashi nan take, da yawansu ba fanka balle ƙurar hunturu ta toshe, kuma ƙwayar cutar nan ta kile da ke ɓoye wa mutane takardu ba ta kama ta. Iyakarta kenan a wurina.

Sai ainihin aikin lekol. Me za ki koya wa yaran? Duk wanda ya je neman aiki a garin nan, ko a shagon buga takardu ko a ƙungiyar agaji, tambayar ɗaya ce: ka iya Word da Excel? Tun Satumban 2021 Microsoft ya daina tallafa wa manhajojinsa na Android a kan Chromebook, ya ce a yi aiki da na cikin burauza, wato an sake komawa kan rezo. Yaron da ya ci jarrabawar BAC ya shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sashen noma ko kimiyya, zai haɗu da manhajojin lissafi da na taswira da ake girkawa cikin kwamfuta, kuma giga 32 ba ta da wurin su. Tsohuwar firintar ofishinki ma ki gwada kafin komai, da yawa daga cikin tsofaffin nan masu waya Chromebook ba ta gane su.

Ga kuma abin da mutane ba su cika sani ba: wanda ke da ma'ajiya babba ba ya buƙatar intanet kullum don yara su yi bincike. Akwai manhaja kyauta mai suna Kiwix, ana sauke Wikipedia gaba ɗaya da ita, ta Faransanci da ta Hausa, sau ɗaya tak a inda wifi yake, a zuba a kile a raba wa duk kwamfutocin. Ta Faransanci mai hotuna ta kai gomman giga. A ma'ajiyar SSD mai giga 256 tana zama lafiya har da sauran wuri. Akwai Kolibri ma, shi darussa ne da bidiyo da atisaye, kwamfuta ɗaya ke riƙe su sauran su ɗauka ta wifi na cikin aji, ba forfe. Yara biyu kan kwamfuta ɗaya mai aiki kullum sun fi yaro ɗaya gaban allon da ke cewa babu haɗi.

Yanzu maganar da mai tayin bai faɗa miki ba. Kowace Chromebook da ranar ƙarewarta take zuwa, ranar da Google zai daina aiko mata sabuntawa. A 2023 ya tsawaita wa'adin zuwa shekara 10 ga ƙirar 2021 zuwa sama, amma lissafin daga shekarar fitar ƙirar yake farawa, ba daga ranar da kika biya ba. Waɗanda ake zubowa da araha kuwa yawanci makarantun waje ne suka sauke su don wa'adin ya kusa ko ya wuce. Bayan ranar tana ci gaba da kunnuwa, sai dai burauzar ta tsaya inda take, a hankali shafuka su fara ƙin buɗewa, ita kuma duk rayuwarta burauza ce. Ana ganin ranar cikin saituna, wurin bayanin ChromeOS, sunan tsarin nata kenan. Mai kaya ya ƙi nuna miki, kin samu amsa.

Windows ma da nata wa'adin, kada a ce na rufe ido. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuma 11 ba ta karɓar injin Intel da ya gaza zubi na takwas. Shi ya sa nake ta nanata ƙirar 2018 zuwa sama. Kuma ki sa a nuna wa kowace cewa intanet ɗin na awo ne, in ba haka ba Windows ma ba ta da tausayin forfe. Kile ɗin yara kuwa a hana shi shiga, doka ce da za ki kafa tun ranar farko.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, don ƴan kasuwar nan ba duka ke tsoron Allah ba. Babbar cuta ita ce Chromebook a kulle. Makarantar da ta mallake ta ta yi mata rajista da sunanta, ba a cire ba aka sayar. Mai shago zai nuna miki tana kunnuwa, har allo mai kyau, amma a ƙasa akwai ɗan rubutu da ke cewa wata hukuma ce ke sarrafa ta. Ko an goge ta kaf, da ta ga intanet za ta koma neman asusun waccan makarantar ta Amurka, naki ba zai shiga ba. Wanda zai saya dole ya sa a goge ta gabansa, ya shiga da nasa Gmail, sannan ya ciro kuɗi.

Ta biyu ta fi wannan wayo. Ana ɗaukar Chromebook a cusa mata Windows da ƙarfi a sayar a matsayin kwamfuta sosai. Mako biyu ma'ajiya ta cika, sau da yawa sauti ma ba ya fita. Madannai ke tona asiri: haruffan jikinsu ƙanana ne, babu layin F1 zuwa F12 a sama, kuma inda maɓallin manyan baƙaƙe ya kamata ya kasance sai ki ga hoton madubin bincike ko wani ɗan da'ira. Kin ga haka ki ajiye. Ƴar uwarta ita ce sabuwa fil a kwali mai injin Celeron da ma'ajiya giga 32 ko 64, sheƙi kawai, araha ba ta ado.

A ɓangaren na hannun kuma, kada takardar da aka manna mai cewa Core i7 ta ja ki. Lambar da ke bin bayanta ce magana, kuma a cikin na'urar za a duba, ba a murfi ba. In an ga i5-8350U, takwas ɗin farko shi ne zubin. In an ga i7-3520M, wannan ta 2012 ce duk da bakwan. RAM kada ta gaza giga 8, ma'ajiya ta zama SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba. A shiga BIOS, wato saitunan da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, gabanki a tabbatar ba kalmar sirri. A rubuta powercfg /batteryreport cikin akwatin umarni na Windows a ga ƙarfin da batir ya zo da shi da wanda ya rage masa. A zare caja a bar ta tana wasa da bidiyo kuna gaisawa, batirin da ya mutu ba ya iya ɓoyewa minti ashirin. Cajar ma ta asali ki nema, ta bogi ba nauyi gare ta kuma tana zafi. Tunda goma za ki ɗauka, ki tsaya kan ƙira ɗaya duka, ranar da ɗaya ta lalace sai ta zama kayan gyaran sauran, ki kuma sa ya rubuta miki garanti a rasit ko na wata guda ne.

Madannai ma abin dubawa ne. Kayan Amurka QWERTY ne, ba wasula masu alama na Faransanci, yaran kuma da Faransanci suke rubuta aikinsu. Ki nemi AZERTY, jerin madannai na Faransanci, in ba a samu ba a kan ThinkPad da Latitude ana canzawa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu su a jikin ko wanne, sai an saita tsarin rubutun Hausa a ciki. Tunda dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, gara yara su saba tun yanzu.

Ƙofar da na ce zan bari ita ce ta gida. In akwai wifi tsayayye a gidan, yaran kuma ƙanana ne, abin da za su yi bai wuce kallon darasi da koyon madannai ba, to Chromebook ɗaya ƙirar 2021 zuwa sama, wadda ba a kulle ba, za ta yi, kuma da Family Link, manhajar Google ta iyaye, kina iya ƙayyade musu lokaci da shafukan da za su shiga. In akwai mai shirin BEPC ko BAC a cikinsu, ki ƙara ɗaya kan goman nan, ki nemi ragi tunda sha ɗaya ce. Kafin ki biya ki sa ya ɗauko hoton shafin bayanin na'urar, inda lambar inji da RAM suke, ki turo mini mu duba.