Sitacin rogo ko na masara: wanne ya fi riƙe kauri?

Hajiya, kin ce tun da kika koma sitacin rogo a kastad ɗin da kike sayarwa yake yauƙi, in ya daɗe a wuta kuma ya tsinke. Ba daga hannunki ba ne, halin rogo ke nan.

Kowane sitaci sinadari biyu ne a cikinsa: amilos mai miƙaƙƙen zare, da amilofektin mai rassa. Amilos ɗin masara ya kai kashi 25 zuwa 28 cikin ɗari, na rogo wajen 17. Nan suka rabu.

Rogo ba ya jiran tafasa. Da zafi ya haura digiri 60 ƙwayoyinsa sun fara kumbura, nan da nan ya yi kauri fiye da masara, ya fito garau, yana ja kamar miyar kuɓewa. Sai dai ƙwayar da ta kumbura haka ba ta da ƙwari. Ana ci gaba da juyawa a kan wuta take farfashewa, kaurin ya zube. Tsinkewar da kika gani ke nan.

Masara kuwa a hankali take. Akwai ɗan mai a sitacinta da ke kama amilos, ya hana ƙwayar kumbura da yawa, shi ya sa sai ta kusa tafasa take nuna kaurinta, kuma ta fi jure muciya. Tana hucewa ta kama jikinta, cokali ya yanka salin-alin. Gero da dawa ma ɓangarenta suke. Aibinta a firji yake: in ta kwana, zaren amilos ya sake haɗewa ya matso ruwa a sama. Rogo ya fi ta zama da laushi cikin sanyi.

Ni dai a kastad masara nake zaɓa, da ita ake yin na gwangwani ma. Ga ta kuma ba ta yi mana wuya a Kaduna ba, Saminaka kaɗai ta ishe mu. In na sanyi kike sayarwa, ki sa rogo kaɗan a cikin masarar, ki gwada a ƙaramar tukunya tukuna. Lemon tsami ko tsamiya kuwa sai kin sauke, don tsami a kan wuta yana tsinka kowannensu.