Dahab ko Sharm el-Sheikh: wanne ya fi dacewa da mai hutun mako guda?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Alƙahira ya tambaya ko wane gari zai nufa tsakanin Dahab da Sharm el-Sheikh, ganin yana son ya koyi wasan allo mai filafili da iska ke turawa a kan ruwa, ya yi nutso, ya kuma ziyarci wuraren tarihi. Malam, duka garuruwan biyu suna kudancin Sina'i a ƙasar Masar, tsakanin hamada da Bahar Maliya, kuma nisan da ke tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba, sai dai halinsu ya sha bamban.

Ta fuskar iska, Dahab ba ta da abokin karawa. Garin yana bakin mashigin tekun Aƙaba ne, inda duwatsun Sina'i da na Saudiyya suka sa ruwan a tsakiya, iskar arewa kuma ta riƙa bin wannan lungu a yawancin watannin shekara. A kudancin garin akwai wani harshen yashi da ya kare wani yanki na ruwan daga igiya, don haka ɗan koyo zai faɗi ya tashi ba tare da fargaba ba, gwanaye kuma su wuce can ciki inda ruwa ke tumbatsa. Sharm ba ta yi suna a wannan fanni ba.

Batun nutso kuwa, sai an yi adalci. A Dahab, mutum zai goya tukunyar iskarsa a bakin gaɓa, ya taka cikin ruwa da ƙafarsa har ya iske murjani, abin da ke rage kashe kuɗi ƙwarai. Nan ne shahararren ramin nan na Blue Hole yake, mai zurfin kusan mita 100, wanda wata ƙofa da ke kimanin mita 55 a cikinsa ta ci rayukan masu nutso da dama. Allunan tunawa da su suna nan manne a jikin dutsen da ke gefe, kuma ya kamata sabon shiga ya karanta su kafin ya yi gangancin zurfafawa. A Sharm, galibi jirgin ruwa ake shiga a tafi gandun Ras Muhammad, wanda aka keɓe a 1983, ko mashigin Tiran, ko wurin jirgin Ingila na Thistlegorm da aka nutsar a 1941. Kifayen can sun fi yawa da girma, kuɗin ma haka.

Ziyarar Dutsen Musa da tsohon gidan ibadar Kirista na Santa Katrina, wanda aka gina a ƙarni na 6, ta fi sauƙi daga Dahab, tafiyar kamar awa biyu a mota. Akan fara hawan dutsen da tsakar dare domin a ga fitowar rana, kuma sanyin can ba na wasa ba ne, sai an tanadi rigar sanyi.

Sharm gari ne na manyan otal-otal da filin jirgin sama, wanda ya karɓi taron sauyin yanayi na duniya a 2022, kuma mai tafiya da iyali zai fi samun sauƙi a can. Dahab kuwa asalinta ƙauyen masunta ne na Larabawan Muzaina, har yau kuma ana samun ƙananan masaukai masu araha. Tun da ɗalibi ne kai, kuma iska ce kan gaba a buƙatunka, shawarata ka sauka a Dahab, ka ware kwana ɗaya ko biyu na ƙarshe domin Ras Muhammad.