Mai gyaran tsohon hoto na wajen Kofar Kaura ya iya aiki, sai dai a tsaya a kanshi

Jama'a duk mai tsohon hoton da ya fara cinyewa, akwai wani ɗan shago wajen Kofar Kaura nan Katsina, yaro ne matashi da kwamfutarshi da sikana, na kai mashi aiki kuma na ga ya kamata in faɗi yadda muka yi.

Hoton kakanmu ne, shi kaɗai gare mu. Sojan RWAFF ne, wato sojojin Afirka ta Yamma na zamanin Turawan mulki, yana cikin runduna ta 81 da Turawan Ingila suka kwasa zuwa ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a yaƙin duniya na biyu, abokinshi da ya dawo bayan yaƙi shi ya kawo labarin cewa Japanawa sun kama shi a kwarin Kaladan cikin 1944, a hannunsu ya cika. Allah ya jiƙanshi. Ba gawa ba kabari. Irinsu da ba a san makwancinsu ba an rubuta sunayensu a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, kusan mutum 27,000, amma wa zai kai gwaggo can? Tana goye ya tafi, bata san fuskarshi ba sai a wannan takarda da gara ta ci gefenta, ruwa ya taɓa kafaɗar.

Da farko wallahi raina ya ɓaci, yaron ya saka hoton cikin manhajar nan ta AI, ta goge mashi tsagar kumatu tas, ta gyara hanci, sai ga wani baƙo yana kallona. Nace malam wannan ba kakana bane. Bai yi gardama ba gaskiya, yace yi haƙuri yaya, ya koma ya bi da hannu a Photoshop, tsagar ta dawo ɗaya bayan ɗaya, dararshi ta zauna daidai, har alamar bishiyar nan ta rundunarsu ta fito, ni da ban taɓa lura da ita ba. Gwaggo ta daɗe riƙe da firem ɗin tana mashi addu'a.

Matsalarshi alƙawari, gobe gobe har na gaji da sintiri, kullum ba wuta. Kuɗin kuma da ɗan tsada in za a haɗa da firem mai gilashi, amma ana ragi.

In zaku kai, ku ce ya yi sikanin a gabanku ku tafi da asalin hoton gida, kuma ku faɗa mashi tun farko kar ya taɓa fuska. Masu son nasu kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ku kai da wuri.