A Akihabara sai kunnenka ya yarda kafin ka biya

Jama'ar gida barkanmu. Na shiga wani shagon kayan sauti a Akihabara nan Tokyo, hedfon da iyafis jere a kan tebur duk a buɗe, ga kujera ga abin goge robar kunne, ka zauna ka jona wayarka ka yi ta gwaji, ba mai tsaya maka a ka balle ya ce malam in ba saye za ka yi ba ka ba mu wuri. Wallahi sai waige-waige nake ina jiran a kore ni.

Abin da na zauna gwadawa shi ne DAC, ɗan abin da ake jonawa tsakanin waya da hedfon. Shi DAC aikinsa ya juya lambobin waƙar da ke cikin waya su zama sauti, kasuwar ƙananan ta buɗe ne tun da Apple suka cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016. Na jona ɗan mitsitsin DAC na Apple da iyafis mai ohm 32, tas, ba abin kushewa (shi ohm ma'aunin taurin hedfon ne wajen karɓar wuta, mai ohm da yawa sai an tura shi da ƙarfi). Da na ɗora masa hedfon Sennheiser HD 600 mai ohm 300 sai ya hau nishi, ka ƙure murya amma gangar ba nauyi kamar daga maƙwabta ake kiɗan. Ma'aikacin bai ce min komai ba, ya ɗauko amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai batirinta ya haɗa ta da DAC ɗin kamfanin FiiO, nan take hedfon ya farka. Amma ita ɗin ce dai in ka sa mata iyafis mai saurin ɗauka sai ka ji shuuu a ƙasa ko ba waƙa. Na sauya DAC mai cif ɗin kamfanin ESS da mai na kamfanin Cirrus Logic, da ƙyar kunnena ya raba su, ƙarfin turawar ne magana. Su DAC marasa batir kuma cajin wayarka suke zuƙa.

Shirun wurin dai ya dame ni, kowa kunne a toshe ba mai taɓo ka ya ce kai zo ka ji wannan, na yi kewar musunmu. Amma mu ma da halinmu, kwali a liƙe in ka ɓare ka saya, tambayar ɗaya ce kullum, yana da bes? Sannan a zuba masa MP3 ɗin da aka matse har ta shaƙe a ce kaya jabu ne.

Masu cewa in sayo musu, a fara turo min sunan hedfon da ohm ɗinsa tukuna.