Mutum biyu a gida ɗaya ko musayar wuri: wace doka ta fi a matsattsen lungu?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wace doka ta fi a matsattsen lungu a wasan tebur na Dungeons & Dragons, inda ake jera 'yan mutum-mutumin jarumai a kan tabarma mai zanen gida-gida: a bar jarumai biyu su tsaya a gida ɗaya, ko su yi musayar wuri. Lungun da ka zana wa 'yan teburinku na daren Alhamis a Jidda, mai faɗin ƙafa 5 da jarumai huɗu a jere, musayar wuri ce maganinsa. Ka bar batun cusa mutum biyu a gida ɗaya.

Littafin dokokin Dungeons & Dragons na 2014 ya yarda ka ratsa ta gidan abokinka, amma kowace ƙafa tana cin biyu, kuma ba ka da ikon tsayawa a ciki da gangan. Bugun 2024 ya cire wannan ninkin tsakanin abokai, ya ce wanda juyinsa ya ƙare a gidan wani ya faɗi ƙasa, sai in ya fi shi girma ko shi ɗan mitsitsi ne. Ka ga ratsawa ba ita ce matsala ba. Matsalar ta jarumin da ke gaba ce: jininsa ya kusa ƙarewa, in ya ja da baya maƙiyi ya same shi da saran mai gudu (harin da doka ta ba maƙiyi a kan wanda ya bar gabansa), kuma ya bar ƙofa a buɗe har sai juyin na baya ya zo.

Ga yadda musayar da nake ba ka shawara take. A juyinka, kana tsaye a gidanka, abokinka yana gidan da ke manne da naka, kuma ya yarda. Kai ka biya ƙafa 10 daga tafiyarka, shi ya ba da martaninsa na wannan zagayen (damar nan guda da kowa ke da ita ta yin abu ko ba juyinsa ba ne), sai ku canza wuri. Wanda ya koma baya ba a kai masa saran mai gudu, don wanda ya shigo ya tare masa. Sau ɗaya a juyi. Ba ta yiwuwa in ɗayanku yana ƙasa, ko an riƙe shi, ko ya suma, ko bambancin girmanku ya wuce mataki ɗaya.

Ka ɗauka mai garkuwa ne a gaba, saura masa maki 4 na rai, goblin biyu, wato ƙananan dodanni, sun yi layi a kansa. Mai gatari da ke bayansa ya ce "matsa", ya biya ƙafa 10, ya shiga gaba ya kai sara. Yanzu mai garkuwa ya dawo kusa da mai magani da ke na uku, hannunsa zai kai gare shi. Ba a tsayar da wasa don buɗe littafi ba, shayi bai huce ba, kuma mutum uku sun yi abin kirki a zagaye ɗaya, maimakon biyu su zauna suna latsa waya.

Kar ka tausaya musu ka cire kuɗin martanin, nan ne dokar take rushewa. In musaya kyauta ce, sai su mayar da ita injin niƙa: kowa ya shiga ya sara ya fita, duk huɗun suna dukan maƙiyi ɗaya, lungun ya daina zama lungu. Da martani da sharaɗin "kana tsaye a gidanka", na uku ba zai iya tsallake wanda ya riga ya kashe martaninsa ba, sai juyawar ta tsaya tsakanin mutum biyu. Kuma abin da ka ba jarumai ka ba maƙiya. Masu baka na baya su yi harbi ta kan abokansu, ka ƙara wa wanda ake harba 2 a lambar kariyarsa (lambar da sai mai hari ya kai ta kafin ya same shi), dama haka littafi ya tanada in wani ya tare rabin jiki.

Ita dokar mutum biyu a gida ɗaya, yawanci dokar matsewa ake arowa, wato ta wanda ya cusa kansa a wurin da ya yi masa ƙunci: su biyun suna jefa d20 (ɗan lido mai fuska 20) biyu su ɗauki ƙarami, mai kai musu hari ya ɗauki babba. Wanda ke bukatar 11 don harinsa ya ci, damarsa ta sauko daga kashi 50 cikin ɗari zuwa 25, ta maƙiyinsa mai bukatar 11 kuma ta hau 75. Jarumin da ake kira ɓarawo ya rasa saran sunƙurunsa, wato ƙarin raunin da yake yi, gaba ɗaya. Tana da amfani a rami ko cikin keji inda ba yadda za a yi, iyakarta ke nan. Ga shi ma 'yan mutum-mutumi biyu ba sa zama a gida mai inci 1.

Tunda an zo kan inci: in za ka sayi tabarmar zane wajen masu talla ta waya, ka ce su ɗora ma'auni a kai su turo hoto kafin ka tura ko riyal ɗaya. Gida ya zama santimita 2.54. Akwai masu sayar da mai ƙananan gidaje su ce ta wannan wasan ce, sai ka ɗora dodo mai cin gida huɗu ka ga ya haura layi. Wasu kuma littafin 2014 suke miƙo maka da sunan sabon bugu, ka duba shekarar a shafin farko. In tabarmar ta roba ce mai naɗuwa, alƙalamin da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma za ka saya, na farin allo yana kama ta ya ƙi fita.

Ka rubuta dokar musayar a kati ɗaya, ka karanta musu kafin a jefa ɗan lidon farko, kar sai an shiga lungun.