Lambun Reno na Bakin Fadama: Inda Na Samu Dashen Magarya da Kalgo a Sakkwato

Duk mai neman dashen magarya, aduwa, kalgo ko kuka a Sakkwato, kada ya ɓata lokacinsa wajen masu fulawar bakin titi. Abin da ke gabansu fulawar waje ce da mangwaro da dogayen itatuwan nan sirara da ake jerawa jikin katanga. Inda na samu biyan buƙata wani lambun reno ne a gefen fadamar Rima, idan an fita gari ta hanyar jami'a an doshi Kwalkwalawa. Ba allo, ba suna. Wani dattijo ne da yaransa, kowa Baba yake ce masa.

Ni malamar makaranta ce, gidanmu a Arkilla, kuma akwai ɗan fili bayan ɗakuna da maigidan ya so a malale da siminti. Na roƙi a bar mini shi. Ba inuwa kaɗai nake so ba, tsuntsaye nake so su riƙa sauka.

Daga gaba lambun bai bambanta da sauran ba, kuma yaran za su yi ta tura miki fulawa mai launi don ita ce mai tsada. Ki ce Baba kike nema. Can baya, ƙarƙashin wani ƙaton gawo, ya jera baƙaƙen ledojinsa na itatuwan gida. Da na gaishe shi ya ce, "Malama, mi kika so, inuwa ko ɗiyan icce?" Na ce tsuntsaye. Ya yi dariya ya ce, "To ke da magarya za ku shirya. Tsuntsu ba shi zama gidan da babu abin ci da wurin ɓuya."

Abin da ya sa nake yaba wurin nan shi ne abin da ya ƙi sayar mini. Baure na nuna, don na san duk inda baure ya nuna ba a rasa cilakowa da tsirya da rana, jemagu da dare. Sai ya fara tambaya: ina sokawe yake, taku nawa tsakanin filin da katanga, ina bututun ruwa ya bi. Da ya ji amsa ya girgiza kai. Ya ce saiwar baure da ta ceɗiya bin danshi suke yi, kuma ba su san tubali ba, su na filin makaranta ne ko harabar masallaci. Gawo ma ya hana ni, ya ce iccen gona ne. Ai kuwa gaskiyarsa. Gawo yana kaɗe ganye da damina gero ya sami rana, ya yi kore shar da rani lokacin da komai ya bushe, yana kuma ƙara wa ƙasa taki. Shi ya sa manoman Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suke barin tohonsa a gona maimakon sarewa, abin da suke kira sassabin zamani. Amma a tsakar gida mai faɗin ɗaki biyu, wahala ce kawai. Mai sayarwa da zai hana ki sayen abin da kika riga kika zaro kuɗinsa, ba kullum ake samunsa ba.

Ya kuma san sana'arsa tun daga iri. Ƙwayar kuka a ruwan zafi yake jiƙa ta ta kwana kafin ya shuka, don ɓawonta tauri gare shi. Irin gawo da na bagaruwa kuwa a cikin takin awaki yake tsincewa, ya ce wanda ya bi ta cikin akuya ya fi saurin tsira. Bagaruwar ma majema ne suka fi saye, tunda da ita ake jeme jar fatar akuyar Sakkwato.

Na ɗauko magarya, kalgo, sabara, lalle, kuka ɗaya da tushen gamba. Kuɗin tukunyar fulawa ɗaya na gaban lambun ya kusa biyan rabinsu.

Magaryar ita ce ta fi cika alkawari. Wajen ƙarshen damina ta yi ƙananan furanni da ƙudan zuma ba sa ɗagawa daga kansu, da hunturu ya shigo ta yi 'ya'ya, kuma rabawa muke yi da tsuntsaye. Kurciya ta yi sheƙa a tsakiyar ƙayar, inda kyanwar maƙwabta ta yi ta zagaye ta haƙura. Gamba kuwa ban ɗauka zai yi wani abu ba, ciyawar zana ce dai, sai ga ƙananan jajayen tsuntsayen nan da ake ce wa baiwar Allah suna tsintar iri a gindinsa da sassafe, marai kuma na tsage ganyensa yana tafiya da shi saƙar sheƙa. Kukar kuwa, Baba ya ce in riƙa datse kanta kada ta wuce kafaɗata, in ci ganye ɗanye da busasshe. Hakan na nufin ba za ta yi farin furenta mai buɗewa da dare ba, wanda jemagu ke zuwa sha. Na yarda da wannan ciniki, don kukar da aka saki sai ta cinye gidan.

Wata tumfafiya ta fito da kanta jikin katanga. Na tambaye shi ko in cire, ya ce in bar guda, malam-buɗe-littafi mai ruwan goro a kanta yake ƙwai. Haka ne kuwa. Sai dai mai ƙananan yara ta yi hattara, farin ruwan tumfafiya ba ya shiri da ido.

Yanzu ga inda suka gaza. Ba sa rubuta komai jikin leda. Idan Baba ya tafi salla ko kasuwa, abin da yaro ya miƙo miki shi ke nan, kuma ɗaya daga cikin magaryar da aka ɗora mini kurna ce. Suna kama suna ƙanana. Ki juya ganyen: bayan na magarya fari-fari ne mai laushin gashi, na kurna kore ne sumul. Kurna ba laifi gare ta ba, amma babban icce take zama, ba ita na auna wa wuri ba. Na biyu, wasu dashen sun daɗe a leda har saiwar ta huda ta shiga ƙasa. Da na koma sayen aduwa, yaron fizgo ta ya yi saiwar ta tsinke, ba ta yi rai ba. Baba ya musanya mini ba gardama, amma da an riƙa ɗaga ledojin ana sauya musu wuri da ba a kai ga haka ba. Kafin ki biya, ɗaga leda ki duba gindinta. Sannan ba sa kai kaya gida, sai kin nemi keke napep, ba sa karɓar tiransifa, kuma a watan Agusta hanyar shiga taɓo ce zalla.

Akwai maganar da ba ta lambun ba ce amma duk wadda za ta yi wannan shuka sai ta ji ta. Surukata da ta ga kukar sai da ta yi salati, wai na kawo wa aljanu masauki. Maƙwabciya kuma macizai take tsoro. Ta aljanu na bar ta da addu'a. Ta macizai magana ce mai tushe, don haka gamban yana can nesa da ɗakuna, ana share kewayensa, ba na kuma tara itace ko tarkace kusa. Abin da na gani zuwa yanzu ƙadangaru ne da hawainiya da wata bushiya da ke fitowa bayan isha'i.

Ban ce a sare dogonyaro ba. Daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, kuma ba don shi ba da titunan garin nan ba su biyuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Amma garin da ke da Gawon Nama da Ƙofar Marke bai kamata yaransa su tashi ba su san gawo da marke ba. Ga kuma lissafin ruwa. Damunarmu daga Yuni zuwa Satumba ce, ruwan shekara milimita 600 zuwa 700. Fulawar waje kullum sai an shayar da ita, ga kuɗin 'yan ga-ruwa. Waɗannan kuwa ranin farko kaɗai na yi ta ba su ruwa, bayan nan Baba ya ce, "Ki bar su su ji ƙishirwa, saiwa ta nemi ƙasa."

Shawarwarinsa na kyauta sun kai dashen daraja: rami ya kai gwiwa, taki ya zama ruɓaɓɓe, a barbaɗa toka saboda gara, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Kada a yi feshin maganin ƙwari, don da ƙwarin tsuntsaye ke ciyar da 'ya'yansu. A ajiye kasko da ruwa a inuwa, ana sauyawa kafin sauro ya yi ƙwai. Da bazara kaskon nan ya fi kowane icce tara baƙi.

Dashen gida kaɗan yake renowa, kuma masu aikin dashen itatuwa kan kwashe da zarar ruwa ya sauka. Ki je tun watan Mayu ki faɗi abin da kike so ya ware miki, ki ɗauka a Yuli idan damina ta zauna. Ki je da safe, lokacin da shi kansa yake wurin.